ZAZZAƁIN KALULUWA DA YADDA A KE JIYYARSA A GIDA

A zangon da ya wuce, ana sauran mako biyar mu fita aikin gwajin koyarwa, wani abokina da mu ke kwana ɗaki ɗaya ya kwanta da zazzaɓi. Shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallonmu, saurayi ne ƙaƙƙarfa, tun da muka zo kwalejin nan ban taɓa ganin ya taka ɗakin magani ba. Mu duka muka ce ai cizon sauro ne, aka sayo masa magani ya sha. Kwana huɗu babu sauƙi. Maƙogwaronsa ya kumbura har miyau ma da ƙyar ya ke haɗiyewa, kaluluwa kuma ta fito masa a wuya, dama da hagu. Sai wani daga cikinmu ya tafi kemis, mai kemis ya ba shi kafso na amfisilin, ya ce kwana biyu zai miƙe. Bayan mako guda jikin abokina duk ya feso da jajayen ƙuraje, kamar mai ƙyanda. A nan ne tsoro ya kama mu, muka kai shi asibiti.

Likita ta duba maƙogwaronsa, ta shafa wuyansa, ta taɓa cikinsa a hankali, ta sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta faɗa mana wani suna da babu wanda ya taɓa ji a cikinmu. Na tambaye ta abin da na iya, na kuma shiga ɗakin littattafai na ƙara bincike. Abin da na samo shi ne na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai, gama gobe mu ne malamai, yaran mutane kuwa za su zauna a hannunmu.

SUNAN CIWON

Likitoci suna kiransa mononukiliyosis. Sunan yana da nauyi a baki, saboda haka a cikin wannan bayani zan kira shi zazzaɓin kaluluwa, domin zazzaɓi da kumburin kaluluwa su ne manyan alamunsa. Wani likitan Jamus mai suna Emil Pfeiffer ya bayyana shi a 1889, shi ma sunan da ya ba shi a harshensu ma'anarsa ke nan. Dogon sunan kuwa likitoci biyu ne, Sprunt da Evans, suka raɗa masa a Amurka a 1920. Dalili shi ne, in an duba jinin mai ciwon a madubin likita, a kan ga wasu fararen ƙwayoyin jini masu cibiya ɗaya sun yi yawa ƙwarai, siffarsu kuma ta sāke. Waɗannan ƙwayoyi su ne mayaƙan jiki, sun taso ne su yi faɗa da cutar.

ABIN DA KE KAWO SHI

Ƙwayoyin cuta iri iri ne. Akwai waɗanda a ke kira bakteriya, su ne magunguna irin su fenisilin da amfisilin ke kashewa. Akwai kuma waɗanda a ke kira bairos, sun fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, waɗannan magunguna kuwa ba su yi musu kome. Mura da ƙyanda da hangum duk aikin bairos ne. Zazzaɓin kaluluwa ma haka. Yawanci bairos guda ne ke kawo shi, sunansa Epstein-Barr, ko da ya ke akwai waɗansu kaɗan da kan kawo ciwo mai kama da shi.

Labarin gano wannan bairos daga Afirka ya faro. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a asibitin Mulago cikin Kampala ta ƙasar Yuganda, ya lura da wani irin ƙari mai kumbura muƙamuƙin yara, ya rubuta bayaninsa a 1958. A 1961 ya yi jawabi a kansa a Landan. Cikin masu sauraro akwai wani likita, Anthony Epstein, wanda ya yi zaton bairos na da hannu a ciki. Aka riƙa aiko masa da yankin ƙarin daga Yuganda ta jirgin sama. A 1964 shi da abokan aikinsa biyu, Yvonne Barr da Bert Achong, suka ga bairos ɗin a madubi mai aiki da lantarki. Ƙasarmu ma ta sa hannu a wannan aiki. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, wani likita mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin irin wannan ƙari da aka samu daga wani yaro ɗan Nijeriya, har yau kuwa ana aiki da zuriyar ƙwayoyin nan a ɗakunan bincike na ƙasashe da yawa.

Amma ba a san bairos ɗin na kawo zazzaɓin kaluluwa ba sai 1967. A birnin Filadelfiya ta Amurka akwai wasu masana biyu, miji da mata, Werner da Gertrude Henle. Wata ma'aikaciyarsu ta kwanta da wannan zazzaɓi. Da ma sun taɓa gwada jininta, ba su ga alamar bairos ɗin ba. Da ta warke suka sāke gwadawa, sai ga alamar ta bayyana. Suka bi diddigin maganar, suka buga sakamakon a 1968.

Kada mai karatu ya firgita don ya ji an ambaci ƙari. Ƙarin nan ba shi da yawa, ya fi samun yara ƙanana a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, bairos ɗin shi kaɗai ba ya isa ya kawo shi. Wanda ya yi zazzaɓin kaluluwa ba shi da dalilin zaman zullumi a kan wannan. Sai dai ƙarin dalili ne na sa yara su kwana cikin gidan sauro.

YADDA A KE ƊAUKARSA

Bairos ɗin cikin miyau ya ke. Saboda haka Turawa ke yi masa laƙabi da ciwon sumba. Wannan laƙabi ya jawo wa abokina ba'a mai yawa a ɗakin cin abinci, har waɗansu suka soma kiran sunan wata ɗaliba da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wannan rashin adalci ne, rashin sani ne kuma. Gaskiya ne sumba tana yaɗa shi. Amma shan ruwa da moɗa ɗaya ma yana yaɗa shi, haka shan kunu da ludayi ɗaya, da cin abinci da cokali ɗaya, da aron buroshin haƙori ko asawaki, da karɓar kwalbar lemo daga bakin wani. Wa a cikinmu bai taɓa yin ɗaya daga cikin waɗannan ba? 'Yan ƙwallo goma sha ɗaya su kan sha ruwa da gora ɗaya a bakin fili.

Ga kuma wani abu. Daga ranar da bairos ya shiga jiki zuwa ranar da ciwo zai bayyana a kan yi mako 4 zuwa 6. Wanda ya warke kuma yana iya ɗauke da shi a miyau wata da watanni. Bayan haka ma bairos ɗin ba ya fita daga jiki har iyakar rai, ya kan kwanta ne shiru, loto loto ya fito a miyau, mutum kuwa yana lafiya lau, bai sani ba. To, da ya ke haka ne, babu mai iya nuna wani da yatsa ya ce wane ne ya sa mini.

Abin godiya shi ne ba shi da saurin yaɗuwa kamar mura ko ƙyanda. Mu huɗu ne a ɗakinmu, babu wanda ya ɗauka. Wanda ya yi shi sau ɗaya kuma da wuya ƙwarai ya sāke yi. Har yanzu babu allurar rigakafinsa.

ME YA SA BA MU SAN SHI BA?

Cikin manya goma a duniya, fiye da tara suna ɗauke da wannan bairos. Mai karatu zai ce, to, me ya sa ba mu taɓa jin labarinsa ba? Amsar tana ga shekarun da mutum ya ɗauke shi. In ƙaramin yaro ya ɗauka, sau da yawa ba a ganin kome, ko kuwa ya yi ɗan zazzaɓi da majina na kwana biyu, a ce haƙori ne. A ƙasashenmu yawancin yara suna ɗauka tun suna ƙanana, daga bakin uwa mai tauna musu abinci, ko daga ƙwaryar da yaran gida duka ke sha. Sun sami garkuwa ke nan ba tare da wahala ba.

Amma wanda bai gamu da shi ba sai da ya zama saurayi ko budurwa, jikinsa ya kan tashi da faɗa mai tsanani, wannan faɗa kuwa shi ne ciwon. Shi ya sa ya fi kama masu shekara 15 zuwa 24, shi ya sa kuma ya fi yawa a makarantun kwana da jami'o'i na Turai da Amurka. A wurinmu ba shi da yawa kamar can, amma akwai shi. Wanda ya samu kuma, da wuya a gane, gama kowane zazzaɓi mu kan ce cizon sauro ne ko taifot.

ALAMUNSA

Ya kan fara a hankali. Kwana biyu ko uku mutum yana jin kasala da ciwon kai, abinci ba ya yi masa daɗi. Sa'an nan manyan alamu su biyo baya:

1. Zazzaɓi, wanda ya kan yi mako ɗaya ko biyu.
2. Ciwon maƙogwaro mai tsanani. Tsoka biyun nan da ke can cikin baki, dama da hagu, su kan kumbura su yi ja, wani lokaci wani farin abu ya rufe su.
3. Kaluluwa a wuya, musamman ta wajen ƙeya, wani lokaci har hammata da matsematsi.
4. Gajiya wadda ba ta misaltuwa. Abokina mai tsayawa minti 90 a fili, tafiya daga gado zuwa makewayi ta zame masa aiki.
5. Kumburin fatar ido, da ƙananan ɗigo ja a ganda.
6. Kumburin saifa, ga kusan rabin masu ciwon.
7. Hanta ma ta kan ɗan taɓu. Kaɗan daga cikin masu ciwon idonsu ya kan yi rawaya kamar mai shawara.

Yawancin mutane su kan warke cikin mako 2 zuwa 4. Amma gajiyar ta kan yi jinkirin tafiya, ga waɗansu har wata biyu ko uku, ga kaɗan ma fiye da haka.

CUTUTTUKAN DA YA KE KAMA DA SU

Ba daidai ba ne mutum ya karanta wannan bayani ya ce ya zama likita. Akwai cututtuka masu kama da wannan waɗanda ba a jiyyarsu a gida. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo zazzaɓi da kumburin saifa, mutum kuma yana iya yin su biyun a lokaci guda. Akwai ciwon maƙogwaro na bakteriya, wanda in ba a sha maganinsa ba ya kan taɓa zuciya ko ƙoda daga baya. Akwai mashaƙo, wanda shi ma ya kan shimfiɗa wani abu fari ko toka-toka a maƙogwaro, yana kisa kuwa da sauri. Ba mu manta da annobarsa da ta tashi a Kano da waɗansu jihohi daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ba. Tarin fuka ya kan fito da kaluluwa a wuya wadda ba ta tafiya. Cutar ƙanjamau ma a makonninta na fari tana kama da zazzaɓin kaluluwa ƙwarai. Hangum kuwa kumburinsa a gaban kunne ya ke, bisa muƙamuƙi.

Saboda haka matakin fari shi ne a je asibiti. Za a gwada jini don cizon sauro, a ƙidaya fararen ƙwayoyin jini, a duba siffarsu. Akwai kuma gwaji na musamman. Asalinsa daga likitoci biyu ne na Amurka, Paul da Bunnell, waɗanda suka gano a 1932 cewa jinin mai wannan ciwo yana sa jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya su dunƙule. A makon fari gwajin ya kan kasa nuna ciwon ko da yana nan, don haka in likita ya ce a komo bayan mako guda, sai a komo.

JIYYA A GIDA

In likita ya tabbatar zazzaɓin kaluluwa ne, yawanci gida zai mai da mai ciwon, domin babu maganin da ke kashe bairos ɗin. Jiki ne zai yi aikinsa, namu shi ne mu taimake shi.

Hutawa. Ya kwanta duk lokacin da jiki ya nema. Ba tilas ne a tsare shi a gado dare da rana ba. In zazzaɓi ya sauka ya tashi ya zauna a inuwa, ya ɗan taka a tsakar gida, kullum yana ƙarawa kaɗan kaɗan. In ya ji gajiya ya koma.

Sha. Zazzaɓi yana ƙone ruwan jiki, ciwon maƙogwaro kuma yana hana mutum sha. A ajiye ruwa mai tsabta kusa da shi, ya riƙa kurɓa a kai a kai ko da ba ya jin ƙishi. A ba shi shayi mai ɗumi da zuma, da romo, da ruwan kankana. A lura da fitsarinsa. In yana yi sau da yawa, launinsa kuma fari fari, ruwan ya isa. In ya yi kaɗan ya yi ja, a ƙara.

Abinci. A ba shi mai taushi wanda zai wuce ba wuya: kunun gero ko na tamba, koko, gwate marar yaji, faten dankali, ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, nono mai kyau. A rage barkono da tsami da soyayyen abu, gama suna ƙara zafin maƙogwaro. Kaɗan kaɗan sau biyar ko shida ya fi tulin abinci sau biyu.

Maƙogwaro. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, ya kurkure har can ciki, ya tofar. Ya yi haka sau uku ko huɗu a yini. Ƙaramin yaro wanda bai iya kurkura ba kada a ba shi. Jariri da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma.

Zazzaɓi da ciwon jiki. Farasitamol ya isa. Babban mutum ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, ya bar aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin ya sāke, kada kuma ya wuce ƙwaya 8 a kwana guda. A kiyaye wannan ƙa'ida sosai, domin farasitamol in ya yi yawa yana lalata hanta, hantar kuwa da ma tana wahala. Magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai a karanta takardar kafin a haɗa. Na yara gwargwadon nauyinsu ne, a tambayi ma'aikacin asibiti. In jiki ya yi zafi ƙwarai a shafe shi da tsumma da ruwa mai ɗumi kaɗan.

Tsabta. A ware masa kofinsa da cokalinsa da kwanonsa, a wanke su da sabulu. Ya rufe baki in zai yi tari, ya wanke hannu. Ba a bukatar a kulle shi shi kaɗai. Mai ciwo yana son a zo a gaishe shi.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada a saya masa amfisilin ko amokzisilin. Ba su taɓa bairos, kuma ga mai wannan ciwo su kan fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi, kamar yadda ya faru ga abokina. In likita ya ga akwai bakteriya tare da ciwon, shi zai zaɓi maganin da ya dace.
2. Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Ga yaro mai ciwon bairos yana iya kawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.
3. Kada ya sha giya ko burkutu, saboda hanta.
4. Kada a kira wanzami ya cire masa belu. Mahaifiyar abokina da ta zo ta ga maƙogwaronsa, abin da ta fara faɗa ke nan. Na ce, "Mama, ku yi haƙuri mu ji ta bakin likita tukuna." Likita ta zauna da ita ta nuna mata cewa ciwon cikin jini ya ke, belu ba shi da laifi, yanka wurin da ya kumbura kuwa zai jawo zubar jini da shigar wata cuta. Ta yarda, Allah ya saka mata.
5. Kada a yi tsaga ko sakiya a kan kaluluwa. Za ta sauka da kanta, ko da ya ke ta kan ɗauki makonni.
6. Kada a matsa cikinsa, kada a yi masa tausa a kai. Dalilin wannan shi ne babbar magana ta gaba.

MAGANAR SAIFA

Saifa tana gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, girmanta kamar dunƙulen hannu. Aikinta tace jini. A cikin wannan ciwo ta kan kumbura ta yi laushi, har ta leƙo ƙasa da haƙarƙarin da ke kāre ta. In aka buge ta, ko mutum ya yi yunƙuri mai ƙarfi, tana iya fashewa, jini ya zuba a ciki inda ido ba ya gani. Ba kasafai wannan ke faruwa ba, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Amma in ya faru rai yana cikin hatsari, sai an yi gaggawar kai mutum asibiti, sau da yawa har fiɗa. Yawancin fashewar cikin mako uku ko huɗu na farkon ciwon ta kan auku, watau daidai lokacin da mutum ya soma jin sauƙi yana ganin ya warke.

Don haka doka ita ce: aƙalla wata guda daga ranar da ciwo ya fara, babu ƙwallo, babu kokawa, babu dambe, babu langa. Babu ɗaukar jarkar ruwa, ko buhu, ko jan guga, ko daka, ko faskare, ko huɗa a gona. Hawan acaɓa a hanya mai gargada ma a rage shi. Bayan watan kuma sai likita ya duba ya ba da izini.

Wannan doka ita ta fi yi wa abokina ciwo. Wasanmu da kwalejin maƙwabta ya faɗo a mako na uku na ciwonsa, zazzaɓi ya riga ya sauka. Ya ce da likita, "Likita, ai tsayawa kawai zan yi a raga." Ta ce, "Ɗana, mai tsaron gida ba shi ne mai faɗuwa a kan cikinsa ba? Wasa na nan baɗi. Saifa kuwa guda ɗaya Allah ya ba ka." Ya zauna a benci ransa a ɓace, aka ci mu biyu da ɗaya. Waɗansu sun yi gunaguni a ranar. Ni dai da na karanta abin da na karanta, na gode wa Allah da ya ji magana.

LOKACIN GARZAYAWA ASIBITI

Mai jiyya ya riƙe waɗannan a ka. In ya ga ko ɗaya, kada ya jira gari ya waye:

1. Ciwo mai tsanani farat ɗaya a gefen hagu na ciki, ko a kan kafaɗar hagu.
2. Jiri, ko suma, ko gumi mai sanyi, ko fatar ido da tafin hannu su yi fari.
3. Numfashi da ƙyar ko da ƙara, ko ya kasa haɗiye miyau har yana dalala.
4. Ya kasa shan ruwa, ko ya yini bai yi fitsari ba.
5. Ido ya yi rawaya sosai.
6. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko wata gaɓa ta mutu.
7. Jini daga hanci ko dasashi ba dalili.

In kuma zazzaɓi ya wuce mako biyu, ko kaluluwa ta wuce wata guda tana ƙara girma, a koma wurin likita. Mace mai ciki, da mai ciwon sikila, da wanda jikinsa ya riga ya raunana da wata cuta, su kam kowane zazzaɓi asibiti za su kai shi tun ranar fari.

AIKIN MALAMI

A makarantar mishan da na yi, kowace safiya malaminmu ya kan duba farce da haƙora kafin addu'a. A lokacin mun ɗauka fitina ce. Yanzu na gane darasi ne. Ga abin da na ke ganin ya wajaba a kanmu in mun kama aiki.

Na fari, mu koya wa yara kowa ya zo da kofinsa, a daina moɗa ɗaya a bakin randar aji. Wannan zai rage cututtuka da yawa, ba wannan kaɗai ba.

Na biyu, yaron da ya komo daga wannan ciwo ba a hana shi shiga aji, da zarar zazzaɓi ya tafi ya ji ƙarfi. Amma a ɗauke masa wasan motsa jiki, da aikin gonar makaranta, da ɗiban ruwa, har likita ya yarda. Lalle kada a yi masa horo mai wahalar da jiki.

Na uku, in yana gyangyaɗi a aji kada mu yi saurin ce masa rago. Mu rage masa aikin gida, mu sa wani ya kwafa masa abin da ya wuce shi, in da hali ya riƙa tashi da rabin yini a makon fari.

Na huɗu, mu hana ba'a. Sunan da Turawa suka laƙaba wa ciwon bai isa ya ɓata sunan ɗan kowa ko 'yar kowa ba.

Na biyar, mu yi magana da iyaye cikin ladabi. Uwa mai neman wanzami ƙaunar ɗanta ce ta sa ta. In an bayyana mata dalili a hankali, za ta ji.

Abokina ya fita aikin gwajin koyarwa bayan mu da mako ɗaya. Shugaban makarantar da aka tura shi ya ba shi darasi biyu kawai a yini da fari, har ƙarfinsa ya komo. Ya ci jarrabawarsa, wannan zango kuma ya koma raga. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Mu dai mu riƙe abu uku: a je a gwada jini kafin a sha magani, a huta a sha ruwa, a kiyaye saifa wata guda. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya. Amin.